Kwana 185: yadda na shiga gasar harbi a Afirka ta Kudu daga Birnin Kebbi

A cikin azumin 2023, kimanin wata uku da dawowata Birnin Kebbi daga karatu, saƙo ya shigo wayata daga sakataren kulob ɗin harbin da na yi kusan shekara biyu ina zuwa a bayan garin Pretoria. Yana sanar da 'yan kulob ne cewa an buɗe rajistar wata gasar ƙaramar bindiga mai mataki na uku, wadda za a yi a watan Yuli. Tun ina can nake da burin shiga gasa mai wannan matsayi ko da sau ɗaya ne, amma rubutun kundin digirina ya hana ni, don haka da na ga saƙon bayan sallar asham ban yi dogon tunani ba na buɗe fam ɗin. Na rubuta suna, na zaɓi rukunin bindigar da zan yi amfani da ita, sai na iso gurbin da ke tambayar yankin da nake wakilta da adireshin da nake zaune. A nan na tsaya, domin katin kulob da ke aljihuna na Afirka ta Kudu ne, ni kuwa ga ni zaune a kan tabarma a ƙofar gidanmu a Birnin Kebbi.

Ni likitan dabbobi ne. Na yi digirin farko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan na tafi tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Pretoria da ke Onderstepoort domin digiri na biyu. A can na fara riƙe bindigar da ake harba wa namun daji allurar sa barci da ita, kuma wani abokin karatuna da ya lura da yadda nake ɗari-ɗari da ita ya ce in bi shi kulob ɗinsu ranar Asabar in koyi ladabin riƙe makami a hannun waɗanda suka san shi. Na je da niyyar zuwa sau biyu ko uku, sai wasan ya shiga raina.

Wannan wasa ya bambanta da harbin da ake gani a gasar Olamfik, inda galibi mutum ke tsayawa wuri guda yana auna allo ɗaya. A nan ana shirya fili da shingaye da tagogi da lunguna, a rarraba allunan kwali da na ƙarfe a ciki, sannan a bar maharbi ya tsara wa kansa hanyar da zai bi ya same su duka cikin ƙanƙanin lokaci. Ƙungiyar duniya da ke kula da shi ita ce IPSC, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, kuma Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin da ke nufin daidaito da ƙarfi da sauri. Ƙungiyar ba ta karɓar ɗaiɗaikun mutane kai tsaye. Ta raba duniya zuwa yankuna, galibi kowace ƙasa da ta shiga yanki ce guda, kuma kowane yanki yana da darakta. A Afirka ta Kudu ƙungiyar da ke riƙe da yankin ita ce SAPSA, kuma ta hanyar kulob ɗinmu, sannan ƙungiyar lardi, sunana ya isa gare ta. Gasanni kuma mataki biyar ne, daga na kulob wanda shi ne na ɗaya, zuwa gasar duniya wadda ita ce mataki na biyar. Afirka ta Kudu ba baƙuwa ba ce a wannan harka, domin ta karɓi gasar duniya a 1979 da kuma 2002.

Washegari na buɗe littafin dokokin gasar, na je babi na shida, inda aka yi bayanin wanda ya cancanci shiga. Abin da dokar ta ce a fili yake. Dole ne kowane ɗan gasa ya kasance memba a yankin da yake zaune, kuma ana ɗaukar mutum mazaunin yanki ne idan ya yi aƙalla kwana 183 a cikinsa a cikin wata goma sha biyun da suka gabaci watan da za a fara gasar. Dokar ta ƙara da cewa abin dubawa shi ne inda jikin mutum ya kasance, ba ƙasar da ta ba shi fasfo ba, ba kuma adireshin da ya aro domin biyan buƙata ba, sannan ba lallai ne kwanakin su kasance a jere ba. Akwai kuma sharaɗin cewa masu shirya gasa ba za su karɓi wanda ya zo daga wani yanki ba sai daraktan yankinsa ya tabbatar musu da cancantarsa. Wanda yake zaune a wani yanki amma yake son ya wakilci ƙasarsa ta haihuwa, sai daraktocin yankunan biyu sun amince a rubuce kafin a fara gasar.

Na ɗauko fasfona da takarda da biro, na kira ƙanwata da ke karatun lissafi ta zauna kusa da ni domin ta riƙa bin ƙirgata. Tunda a Yuli 2023 za a yi gasar, watannin da za a duba sun fara ne daga 1 ga Yuli 2022 zuwa 30 ga Yuni 2023. Hatimin jami'an shige da fice ya nuna na bar Afirka ta Kudu gaba ɗaya ranar 20 ga Janairu 2023. Da farko na ɗauka ina da rara mai yawa, sai ƙanwata ta tuna mini cewa na zo gida Babbar Sallar 2022, kuma lallai ga hatimin fita na ranar 3 ga Yuli da na komawa na ranar 20 ga watan. Na yanke shawarar cire duk ranar da na yi tafiya a cikinta, domin kada in dogara da rabin yini. Da muka yi haka, Yuli ya ba ni kwana 13, daga Agusta zuwa ƙarshen Disamba kwana 153, Janairu kuma kwana 19. Jimla ta kama 185. Mun maimaita lissafin sau uku bai canza ba. Sai ta ce mu gwada mu gani da a Agusta aka sa gasar, muka ga kwana 13 ɗin Yuli za su fita daga lissafi, a bar ni da 172. Ma'ana wannan gasa ta Yuli ita ce ƙofa ta ƙarshe da katina zai iya buɗe mini da gaskiya.

Da na gaya wa abokin nawa na Pretoria irin ƙurewar da lissafin ya yi, sai ya ce kada in wahalar da kaina, in rubuta adireshin gidansa kawai, tunda kowa a kulob ya san ni kuma kuɗin shekarata a biye yake. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar, domin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya hana ni shi ne jimlar nan ta dokar da ta ambaci adireshin aro, kamar wanda ya rubuta ta ya san za a zo wannan gaɓa. Na rubuta wa sakataren kulob wasiƙa na bayyana masa cewa na koma Nijeriya da zama, na haɗa da hotunan shafukan fasfona da takardar lissafinmu, na roƙe shi ya miƙa maganar ga waɗanda ke sama da shi su yanke hukunci. Ya amsa cewa zai tura wa ƙungiyar lardi, daga nan a kai ofishin daraktan yanki, kuma kada in biya kuɗin jirgi sai na ji daga gare su.

A cikin wannan jira ne na tunkari abin da ya fi mini lissafin kwanaki nauyi, wato neman izinin mahaifina. Na bari sai da aka yi Ƙaramar Salla, ranar da kawuna ya zo gaisuwa daga ƙauyensu da ke wajen Kangiwa. Bayan la'asar na durƙusa na ce, "Baba, ina neman izininku in koma Afirka ta Kudu na mako guda a watan Yuli, akwai gasar harbi da nake son shiga." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "A lokacin da mutane ke barin gonakinsu a Danko-Wasagu saboda bindiga, kai kuma za ka hau jirgi ka je ka yi wasa da ita? Ka manta abin da aka yi wa yaran makaranta a Birnin Yauri?" Ban manta ba. Ina Pretoria a watan Yunin 2021 lokacin da aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta garin, kuma na yi makonni ban taka filin harbi ba saboda abin da nake ji a raina. Duk wanda ya fito daga Kebbi ko Zamfara ba zai ji kalmar bindiga yadda mutumin Pretoria ke jin ta ba, kuma ban ga laifin Baba ba ko kaɗan.

Ban yi masa musu ba. Na roƙe shi ya ba ni dama in gaya masa yadda ake gudanar da abin, ya ɗaga kai alamar in ci gaba. Na bayyana masa cewa ba wanda ke yawo da harsashi a cikin bindiga a filin, sai wanda layi ya zo kansa, shi ma sai alƙalin fili ya ba shi umarni. Na gaya masa cewa wanda ya bari bakin bindigarsa ya karkata fiye da digiri 90 daga tudun da ke tare harsashi, ko ya nuna wani sashe na jikinsa da ita, ko ya bar yatsa a kan kunama yana canza gidan harsashi, ko ta suɓuce masa ta faɗi a tsakiyar harbi, an kore shi daga gasar gaba ɗaya, komai nisan inda ya fito. Daga nan na kawo maganar kwana 183 da wasiƙar da nake jira.

Kawu, wanda ya haura shekara arba'in yana farauta da bindigar toka, shi ne ya karɓi zancen daga nan. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, wannan ai tsarinmu ne. Mu ma idan baƙon maharbi ya zo daga tsallaken iyaka, ba ma tambayarsa takarda, muna tambayarsa wa ya sauke shi, wa kuma zai tsaya masa. Mai masaukinsa ne zai kai shi gaban sarkin maharba ya ce na san hannunsa. Wanda ba a san hannunsa ba, ba na yarda ya bi bayana a dawa da bindiga ɗure." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Likita, su waɗancan mutanen sun ga hannunka?" Na ce sun gani, kusan kowace Asabar har shekara biyu. Ya ce to idan sun ce ka zo, ka je, idan kuwa sun ce kwanakinka ba su kai ba, kada ka nemi wata hanya. Baba ya ce ya amince a kan wannan sharaɗi, da kuma sharaɗin kada wani abu mai kama da makami ya shigo masa gida.

Maganar Kawu ce ta fahimtar da ni abin da dokar ke nufi, fiye da yadda karatun littafin ya yi. A da ina kallon katin kulob kamar rasidin kuɗi, wanda muddin an biya yana aiki. Amma daraktan yanki da ke sa hannu a kan sunan mutum yana ɗaukar alhaki ne a gaban mutanen wata ƙasa cewa wannan da za ku bari ya ɗura bindiga a tsakaninku an san halinsa, ana ganinsa a fili, kuma ba a dakatar da shi ba. Ba zai iya faɗin haka da gaskiya a kan wanda ya yi nisa da idonsa ba. Dokar kuma tana toshe hanyar wanda aka hukunta a yankinsa ya tsallaka iyaka ya yanki sabon kati a wani wuri. Ina ganin wannan daidai ne, ko da yake a kaina ne ƙa'idar ta kusa faɗawa.

Amsa ta zo bayan kimanin mako uku, a taƙaice: an duba hatiman, kwanakina sun cika, zan shiga gasar a matsayin ɗan yankin Afirka ta Kudu, amma a gyara adireshina a rajista ya koma na Birnin Kebbi.

Batun bindigar kanta bai ɗauke ni lokaci ba, domin dokar ƙasarmu ta riga ta yanke shi. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, ƙaramar bindiga tana cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta ta zamani da ma bindigar iska suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka irin ta Kawu kuma al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Ga kuma yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, da ta tsaurara shige da ficen makamai a yammacin Afirka. Saboda haka ban taɓa mallakar bindiga ba, ban kuma taɓa tsallaka iyaka da ko kwanson harsashi ba. A Afirka ta Kudu, dokar kula da makamai ta 2000 ta yarda mai lasisi da ya kai shekara 21 ya bar wani ya yi amfani da bindigarsa muddin yana tare da shi yana sa ido, a wurin da ya dace kuma bisa halastaccen dalili. A kan wannan na yi duk harbina na shekara biyu, kuma a kansa abokina ya nemi a sa mu a tawaga ɗaya domin in yi amfani da ɗaya daga cikin bindigoginsa biyu, ƙirar CZ mai harsashin milimita 9. Atisayen da na iya yi a gida shi ne gudu da sassafe a filin wasa na Haliru Abdu, da matsa ƙwallon roba domin ƙarfin riƙo, da haddar dokoki da dare.

Bizar karatuna ta riga ta ƙare, don haka na je Abuja na nemi ta ziyara da takardar gayyatar masu shirya gasar da katin rigakafin shawara, wanda hukumomin Afirka ta Kudu ke nema daga matafiyan Nijeriya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kuɗi, domin a ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi, sai abin da na tanada ya kasa. Yayana ne ya cika mini. Kwana kaɗan bayan Babbar Salla na bar Birnin Kebbi da damina, shinkafa ta fara kore a fadama, na sauka Johannesburg a tsakiyar hunturunsu, inda ciyawa ke wayar gari fari fat da sanyi.

A teburin rajista na ga dokar tana aiki a kan wasu. Akwai 'yan gasa daga ƙasashen maƙwabta da suka zo da bindigoginsu, kowa riƙe da izinin shigowa na wucin gadi da ake nema da fam ɗin 'yan sandan ƙasar mai lamba SAPS 520, kuma ana duba sunan kowannensu a jerin waɗanda daraktocin yankunansu suka tabbatar. Mutum ɗaya da tabbacinsa bai iso ba an zaunar da shi a gefe, da izinin bindigarsa da rasidin kuɗinsa duk a hannu, har sai da saƙon ya shigo da yamma. Ba wanda ya ɗaga masa murya, ba kuma wanda ya ce a bar shi ya wuce tunda ya yi tafiya mai nisa. Ni da aka zo kaina, matar da ke rajista ta dubi adireshin Nijeriya, ta dubi takardar da aka liƙa a bayan fam ɗina, ta sa hannu.

Na shiga ne a rukunin bindigogin da ba a yi musu gyare-gyare ba, wanda sai ƙirar da ke cikin jerin da IPSC ta amince da shi ake karɓa, kuma ba a fara zango, wato kowane sashe na gasar, da harsashi fiye da 15 a gida ɗaya. An duba bindigar da kubenta da ɗamarar, sannan a tsakiyar gasa aka karɓi harsashi takwas daga cikin nawa domin gwajin ƙarfi. Ana ciro kan harsashi ɗaya a auna nauyinsa, a harba wasu a kan na'urar auna gudu, sannan a ninka nauyi da gudu a raba da dubu. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne 125, wanda ya gaza haka kuwa zai ci gaba da harbi amma ba shi da maki. Nawa sun ba da 130 da ɗoriya. Dalilin wannan gwaji shi ne kada wani ya rage albarushi domin bindiga ta daina zabura a hannunsa, ya sami sauri a kan waɗanda suka bi ƙa'ida.

Zango goma sha biyu muka yi cikin kwana biyu. Gajeren zango ba ya wuce harbi 12, matsakaici 24, dogo kuma 32. A kowane zango alƙali yana karanta bayani, a ba tawaga 'yan mintuna su zagaya filin hannu wofi, kowa yana tsara inda zai tsaya da inda zai canza gidan harsashi. Umarnin alƙali kuwa da Ingilishi ake ba da shi a ko'ina a duniya, da kalmomi iri ɗaya da jeri iri ɗaya: a ce ka ɗura ka shirya, a tambaye ka ko ka shirya, a ce ka dakata, sannan na'ura ta yi ƙara. Idan ka gama a ce ka sauke ka nuna babu komai a ciki, ka saki kunama, ka mayar kube, kafin a ce fili ya zama lafiya. Wannan ne ya sa wanda ya zo daga wata ƙasa, ko da bai iya harshen masu masaukinsa ba, ba ya ruɗewa a wurin da ruɗewa ke iya jawo asarar rai. Da na ji waɗannan kalmomi a zangon farko, bayan wata shida ban ji su ba, sai hannuna ya daina rawa.

Lissafin maki shi ne inda wasan ke nuna wa mutum matsayinsa. Allon kwali yana da sashe uku. A ƙarfin harsashi irin nawa, tsakiya maki 5 ne, na biye 3, na gefe 1, kuskure kuwa ana cire 10, haka ma idan ka sami allon da aka hana harbi. Ana raba makin da ka samu da sakan ɗin da ka ɓata. A wani gajeren zango mai allo shida, harbi biyu a kowanne, na sami tsakiya goma da na biye biyu, wato maki 56, cikin sakan 14, abin da ya ba ni 4. Wanda ya ci zangon ya sami maki 52 ne kawai, amma cikin sakan 8, ya tashi da 6.5. Shi aka ba cikakken makin zangon, 60, ni kuma aka ba ni gwargwadon kusancina da shi, kusan 37. Na fi shi daidaito, ya fi ni sauri, kuma lissafin ya nuna ƙarara cewa wata shida na rashin atisaye sun tafi da saurina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a rana ta biyu. A tawagarmu akwai wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a wasan, wanda ya tuƙo mota daga wata ƙasa maƙwabciya. A wani dogon zango, yana ja da baya zuwa hagu yana canza gidan harsashi, sai alƙali ya daka masa tsawa ya tsaya, domin yatsansa bai fita daga kan kunama ba. Ba a yi harbin kuskure ba, ba wanda ya ji ciwo, amma aka kira babban alƙalin gasa ya tabbatar da korar. Dattijon ya sauke bindigarsa, ya miƙa wa alƙalin hannu, ya je wurin da aka keɓe domin taɓa bindiga ba tare da harsashi ba ya mayar da ita jaka, sannan ya dawo ya ƙarasa yinin yana taimaka mana liƙe ramukan alluna. Ni ne na biyo bayansa a wannan zango. Na yi shi a hankali fiye da yadda na tsara, yatsana miƙe a jikin bindiga duk lokacin da na ɗaga ƙafa.

Na gama gasar ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba, da kashi 54 cikin ɗari na makin wanda ya ci rukuninmu. Kafin in baro ƙasar na zauna da sakataren kulob muka duba abin da dokar ta tanada wa wanda kwanakinsa suka ƙare. Idan ƙasar da mutum ya koma tana da yanki, can zai yi rajista. Idan ba ta da shi, yana iya shiga wani yanki, amma sai da amincewar majalisar zartarwa ta IPSC da ta daraktan yankin da zai karɓe shi, kuma ranar da ƙasarsa ta nemi shiga ƙungiyar dole ya koma can. Ban bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin ba, domin a inda nake zaune ba ni da filin da zan riƙa atisaye bisa doka a gaban waɗanda za su ga hannuna, kuma ba na son in roƙi wani ya tsaya mini a kan abin da rabonsa da gani ya kai shekara. Na roƙi sakataren ya bar sunana a jerin masu karɓar labaran kulob, amma ya cire shi daga jerin 'yan gasa daga 1 ga Agusta.

Mako biyu da dawowata aiki ya kai ni wajen Kangiwa rigakafin shanu, na biya ta gidan Kawu da takardar sakamakon. Ya sa na karanta masa zango bayan zango, bai tsaya a kan maki ba, amma da na zo labarin dattijon sai ya sa na maimaita, ya tambaye ni ko da gaske mutumin ya zauna har aka tashi. Na ce ya zauna. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bindigarsa ta toka, ya zare sandar ɗuri ya zura a bakinta a gabana domin in ga babu komai a ciki, sannan ya miƙo mini ita ya ce in nuna wa 'ya'yansa biyu da ke binsa dawa inda ake ajiye yatsa idan ana tafiya.